Allurar rigakafin ƙarambau: wa za a yi wa, yaushe, kuma me za a kiyaye

Duk wanda ya buɗe katin rigakafin da ake bai wa uwa a asibitin gwamnati a Najeriya ko a Nijar zai ga cututtuka a jere, tun daga tarin fuka da shan inna har zuwa ƙyanda da zazzaɓin shawara da sanƙarau, amma ba zai ga ƙarambau ba. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke zaton cutar ba ta da rigakafi, alhali kuwa allurarta ta haura shekara 50 da ƙirƙirowa, kuma a ƙasashe irin su Amurka da Jamus da Japan ta daɗe cikin jerin alluran da ake yi wa kowane yaro. A wajenmu ba ta cikin waɗanda gwamnati ke bayarwa kyauta, saboda haka mai buƙata sai ya neme ta da kuɗinsa a asibitoci masu zaman kansu na manyan garuruwa. Ma'anar wannan ita ce babu wata ma'aikaciyar lafiya da za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta tunatar da kowa. Yanke shawara, da zaɓen wuri, da lissafin kwanaki, duk suna wuyan iyaye ko wuyan baligin da ke son kare kansa.

A fara da tabbatar da cutar da ake nufi

Ƙarambau ba ƙyanda ba ce, kuma allurar ƙyanda da ake yi wa yaro yana da wata 9 ba ta kare shi daga ƙarambau. Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tana zuwa da tari da mura da jan ido, sannan ƙananan ƙuraje marasa ruwa su faro daga fuska su gangaro. Ƙurajen ƙarambau kuwa suna ɗurar ruwa, suna da ƙaiƙayi mai tsanani, sun fi yawa a ƙirji da baya da fuska da fatar kai, kuma ba sa fitowa a lokaci guda, shi ya sa a jikin yaro ɗaya za a ga wani ƙurji yana tasowa, wani ya cika da ruwa, wani ya riga ya yi ɓawo. Ba agana ba ce kuma, domin an sanar da kawar da agana daga duniya tun 1980. Abin da ya fi rikita mutane a shekarun nan shi ne ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, sai dai ita takan zo da kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi, kuma ƙurajenta sun fi tauri da zurfi. Idan akwai kokwanto, ma'aikacin lafiya ne zai raba gardama.

Wannan bambancewa tana da amfani ne saboda tambayar farko da za a yi kafin allura ita ce ko mutum ya taɓa yin ƙarambau. Wanda ya taɓa yi, a mafi yawan lokuta ya samu garkuwa ta tsawon rai kuma ba ya buƙatar allurar. Matsalar ita ce amsar takan fito ne daga bakin uwa ko kaka, waɗanda za su iya tuna cewa yaro ya yi ƙuraje a wata shekara ba tare da sun tabbatar ko waɗanne iri ba ne. A manyan ɗakunan gwaji ana iya auna jini a gano ko akwai garkuwar. Idan gwajin ya yi tsada ko bai samu ba, yi wa wanda ya riga ya taɓa kamuwa allurar ba ya cutar da shi, illa dai kuɗin da aka kashe.

Dalilin da ya sa ake damuwa da cutar da ake ɗauka ƙarama

Gaskiya ne yawancin yara masu ƙoshin lafiya sukan warke cikin mako guda ko kwana 10, ba abin da ke saura sai 'yan tabbai. Amma cutar tana da saurin yaɗuwa ƙwarai: tana bin iska da numfashi da ruwan ƙurajen, kuma idan ta shiga gida tana iya kama har 9 cikin kowane mutum 10 da ba su taɓa yin ta ba. Mai ɗauke da ita yana fara yaɗa ta kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurajen su bayyana, ya ci gaba har sai duk sun bushe sun yi ɓawo, sannan wanda ya ɗauka ba zai nuna alama ba sai bayan kwana 10 zuwa 21. A gida mai yawan 'ya'ya, ko makarantar kwana, ko tsangaya, wannan lissafi na nufin cutar za ta yi ta zagayawa daga wannan zuwa wancan na tsawon watanni.

A cikin masu kamuwa akwai waɗanda abin ke tsananta musu. Susa da farce mai datti tana buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta hanya, sai ƙurji ya zama gyambo, wani lokaci cutar ta shiga jini. Akwai ciwon huhu, akwai kumburin ƙwaƙwalwa. Kafin Amurka ta fara allurar a 1995, kimanin mutum miliyan 4 ne ke kamuwa a can duk shekara, fiye da 10,000 a kwantar da su a asibiti, mutum 100 zuwa 150 su rasu, kuma wannan ƙasa ce da ba ta da ƙarancin likitoci. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya cutar na jawo kwanciyar asibiti kimanin miliyan 4.2 da mutuwar mutum kimanin 4,200 a shekara.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da Turawa. A ƙasashe masu sanyi kusan kowa yakan yi ƙarambau tun yana ƙarami, amma a ƙasashe masu zafi mutane da dama sukan girma ba su taɓa yi ba, sai ta same su suna samari ko magidanta, kuma a jikin baligi ta fi muni nesa ba kusa ba. Alƙaluman Amurka na kafin zuwan allurar sun nuna cewa a cikin yara 100,000 'yan shekara 1 zuwa 14 da suka kamu kimanin 1 ne ke rasuwa, a cikin manya kuwa adadin ya kai kimanin 21. Mace mai juna biyu tana cikin haɗarin ciwon huhu mai tsanani, kuma idan ta kamu a makonni 20 na farkon ciki akwai yiwuwar, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, a haifi jariri da nakasa a gaɓoɓi ko ido ko ƙwaƙwalwa. Idan kuma ƙurajen suka fito mata tsakanin kwana 5 kafin haihuwa da kwana 2 bayan haihuwa, jinjirin na iya kamuwa da nau'in da ke barazana ga rayuwarsa. Bayan an warke ma ƙwayar cutar ba ta barin jiki, takan laɓe a jijiyoyi shekara da shekaru, sai tsufa ko raunin garkuwa ya zo ta farfaɗo a matsayin wasu ƙuraje masu raɗaɗi da ke fitowa a jere kamar ɗamara a gefe ɗaya na jiki, waɗanda likitoci ke kira zosta.

Abin da ke cikin kwalbar

Wani likita ɗan Japan mai suna Michiaki Takahashi, na Jami'ar Osaka, shi ne ya samar da allurar a 1974, bayan ya ga yadda ƙarambau ta galabaitar da ɗansa a 1964 lokacin da yake aikin bincike a Amurka. Ya ɗebo ƙwayar cutar daga ƙurjin wani yaro ɗan shekara 3, ya yi ta renonta a ɗakin gwaji daga wannan mazubi zuwa wancan har ta yi rauni, ta yadda za ta iya koya wa jiki yaƙi amma ba za ta iya kwantar da mai lafiya ba. Nau'in da ya samar, wanda ake kira Oka, shi ne har yau tushen mafi yawan alluran ƙarambau na duniya, ciki har da Varivax na kamfanin Merck da Varilrix na kamfanin GSK.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau: ƙwayar da ke cikin kwalbar tana da rai, raunana ta kawai aka yi. Kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga nan suka samo asali. Saboda tana da rai ne zafi ke kashe ta idan ba a adana ta da kyau ba, saboda tana da rai ne ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa, kuma saboda haka ne wani yaro kan fitar da 'yan ƙuraje bayan an yi masa.

Allura ɗaya tana kare kimanin mutum 8 cikin 10 daga kamuwa kwata-kwata, kuma tana kare kusan kowa daga nau'in cutar mai tsanani. Allura biyu suna ɗaga kariyar ta haura kashi 90 cikin 100. Amurka ta fara da ɗaya, amma da ta ga cutar na ci gaba da ɓarkewa a makarantu tsakanin yaran da aka yi wa, sai ta koma biyu a 2006, kuma a cikin shekara 25 na shirin yawan masu kamuwa ya ragu da fiye da kashi 97 cikin 100. Ingila ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 2023 kwamitin ƙwararrunta ya ba da shawarar a sanya allurar cikin jerin na yara.

Wa za a yi wa, kuma a wane lokaci

Ga yara, tsarin da aka fi bi shi ne allura ta farko tsakanin wata 12 da wata 15. Ta biyu a Amurka ana yin ta ne tsakanin shekara 4 da 6, amma ba dole ba ne a jira har tsawon haka, muddin an bar aƙalla wata 3 tsakanin allurar farko da ta biyu ga yaron da bai kai shekara 13 ba. Wanda ya kai shekara 13 ko ya wuce, shi ma biyu zai yi, da tazarar mako 4 zuwa 8. Idan lokacin ta biyu ya wuce saboda tafiya ko rashin kuɗi, ba a sake farawa daga farko, sai dai a yi ta biyun da zarar hali ya samu.

Akwai lissafi guda da iyaye a Najeriya za su kula da shi. Ana yi wa yaro allurar ƙyanda ta biyu yana da wata 15, wato daidai lokacin da ake son yin ta ƙarambau, kuma ita ma ta ƙyanda ƙwayarta tana da rai, haka ma ta zazzaɓin shawara. Ƙa'idar irin waɗannan allurai ita ce ko dai a yi su rana ɗaya a wurare daban-daban na jiki, ko kuma a bar mako 4 tsakaninsu, domin idan aka yi ɗaya yau ɗaya bayan mako guda, ta farkon na iya rage aikin ta biyun. Tun da ɗaya a asibitin gwamnati ake yin ta ɗaya kuma a asibitin kuɗi, babu ma'aikacin da zai ga duka biyun sai an nuna masa, don haka a riƙa tafiya da katin rigakafin yaro duk inda za a je.

Idan kuɗi bai isa a yi wa kowa a gida ba, ra'ayina shi ne a bi wannan tsari. Da farko a tabbatar yara sun kammala alluran gwamnati na kyauta, domin ƙyanda da sanƙarau sun fi ƙarambau kisa, kuma ba hikima ba ce a sayi wannan a bar waɗancan. Bayan haka, a fifita manyan da ba su taɓa yin cutar ba a kan ƙananan yara masu lafiya: ma'aikatan asibiti, malaman firamare da na Islamiyya, ɗaliban da za su tafi makarantar kwana ko jami'a, da duk wanda ke zaune gida ɗaya da mai raunin garkuwar jiki, domin kare na kusa da shi ita ce hanyar kare wanda shi kansa ba za a iya yi masa ba. A saman wannan jeri kuwa zan sanya budurwar da ake shirin aurarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan ciki ya riga ya shiga, ƙofar allurar ta rufe sai bayan haihuwa. Tun da yanzu iyalai da yawa sun saba da gwajin jini kafin aure, lokacin da ake zuwa wannan gwaji ne ya fi dacewa a yi tambayar ƙarambau, a yi alluran biyu, a kuma lissafa yadda ta ƙarshe za ta kasance aƙalla wata guda kafin tarewa.

Mai tambaya zai ce, idan allurar tana da wannan amfani, me ya hana gwamnati bayar da ita ga kowa? Ban da tsada, akwai dalili na ilimi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe cewa kada su sanya ta cikin jerin kowane yaro sai sun tabbata za su iya kai ta ga aƙalla kashi 80 cikin 100 na yaransu kuma su ɗore a kan haka, domin idan rabi kawai aka yi wa, cutar za ta rage yawo tsakanin yara ba tare da ta ɓace ba, sai waɗanda ba a yi wa ba su girma babu garkuwa su kamu a shekarun da ta fi haɗari. Wannan hujja ce game da tsarin ƙasa baki ɗaya, ba ta hana uba ya kare iyalinsa ba.

Waɗanda ba za a yi wa ba, da waɗanda za su jira

Wannan sashe ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne ake buƙatar faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin nauyi ba. Ba a yi wa mai juna biyu, kuma macen da aka yi wa za ta guji ɗaukar ciki na aƙalla wata 1 bayan kowace allura. Idan daga baya aka gano akwai ƙaramin ciki lokacin da aka yi ta, a sanar da likitan awo, amma wannan ba dalilin tayar da hankali ko zubar da ciki ba ne, domin an shafe shekaru ana bin diddigin matan da hakan ta faru da su kuma ba a samu jaririn da allurar ta jawo wa irin nakasar da cutar ke jawowa ba. Mai shayarwa kuwa ana iya yi mata, kuma ba sai ta dakatar da ba da nono ba.

Ba a yi wa mai sankarar jini ko wani ciwon daji da ake kan yi wa magani, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai tarin fuka da bai fara shan magani ba. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ba a hana shi kai tsaye, sai likitansa ya duba ƙarfin garkuwar a jini, idan ta yi ƙasa sosai a dakata. Haka kuma wanda ya shafe mako 2 ko fiye yana shan magunguna irin su prednisolone ko dexamethasone masu yawa zai jira wata guda bayan ya daina. A nan akwai abin da ba kasafai ake faɗa a gaban likita ba: wasu daga cikin ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sayarwa a kemis da kasuwa, waɗanda aka fi sani da sha-ka-fashe, suna ɗauke da irin waɗannan magunguna, kuma 'yan mata masu shirin aure suna cikin masu shan su. Duk wadda ke sha ta faɗa kafin a tsira mata allura.

Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan shi ma zai jira, tsakanin wata 3 da wata 11 gwargwadon abin da aka ƙara masa, domin garkuwar da ta zo cikin jinin wani tana iya kashe ƙwayar allurar kafin ta yi aiki. Iyayen yara masu sikila su lura da wannan. Sikila ita kanta ba ta hana allurar, hasali ma yaron da ke fama da ita yana cikin waɗanda bai kamata a bari wata cuta ta ƙara musu nauyi ba, amma sai an duba ranar ƙarin jini na ƙarshe. Yaron da ke kwance da zazzaɓin cizon sauro ko wata rashin lafiya mai ƙarfi a bari ya warke tukuna, 'yar mura kuwa ba ta hana komai. Duk wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan bori bayan allurar farko, ko bayan maganin neomycin, ko sinadarin jelatin, ba za a yi masa ba.

Maganar jelatin tana da wata fuskar ga Musulmi, kuma gara a faɗe ta a fili da a bar mutum ya tsinta a Facebook. Varivax na ɗauke da jelatin da aka sarrafa daga alade domin ya kare ƙwayar daga lalacewa, Varilrix kuwa ba ya ɗauke da shi. A 1995 wani taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait ya yanke cewa jelatin da sarrafawa ta sauya ainihinsa ya halatta, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da damar ya nemi nau'in da babu shi.

Ranar allura

A zaɓi asibitin da aka san yana yin rigakafi a kai a kai, kuma kada a ji kunyar tambayar yadda suke adana allurai idan an ɗauke wuta, ko da sola ne ko da janareta. Ana ajiye wannan allura a firji tsakanin ma'aunin sanyi 2 da 8, wasu nau'o'in ma a daskare, kuma kwalbar da ta kwana cikin zafi ba ta canza kama, sai dai ta tashi daga aiki ba tare da kowa ya sani ba. Saboda haka ban ga hikimar sayen ta a wani shago a ɗauko a aljihu ko a leda zuwa wurin mai yin allura a unguwa ba, komai rahusar. A nemi ganin kwalbar, a duba ranar ƙarewar aikinta, a Najeriya kuma a duba lambar rajistar NAFDAC. Maganin gari ne da ake haɗawa da ruwansa na musamman, kuma ya kamata a haɗa shi a lokacin da za a yi, ba a ɗauko wanda aka haɗa tun safe ba.

Ana yin rabin mililita ne a ƙarƙashin fata, a damtse ko a cinya ga ƙaramin yaro. Bayan an gama a zauna a asibitin na minti 15 ko fiye, domin mummunan borin jiki, wanda ke faruwa kimanin sau 1 cikin allura miliyan, yakan zo ne a mintunan farko, kuma a asibiti ana da maganinsa a kusa. Kafin a tashi a tabbatar an rubuta sunan allurar da lambar rukuninta da kwanan wata a kati, an kuma sa ranar dawowa.

Wani asibitin zai iya ba da zaɓin allura guda da ta haɗa ƙarambau da ƙyanda da hangum da rubela (wata cuta mai kama da ƙyanda), kamar Priorix-Tetra ko ProQuad. Tana rage yawan tsira, amma idan ita ce ta farko ga yaro ɗan wata 12 zuwa 23 tana ɗan ƙara yiwuwar jijjigar zazzaɓi, kimanin ƙarin yaro 1 cikin 2,500, idan aka kwatanta da yin su daban-daban. Irin wannan jijjiga tana firgita iyaye amma ba ta barin illa mai ɗorewa. Duk da haka, idan yaron ko wani ɗan'uwansa ya taɓa yin jijjiga, a zaɓi a raba su.

Bayan an koma gida

Kimanin yaro 1 cikin 5 zai ji ciwo ko ya yi ja ko ɗan kumburi a wurin allurar na kwana ɗaya ko biyu, kuma tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya wadatar, ba a murzawa ba a shafa komai. Kimanin 1 cikin 10 zai yi zazzaɓi, wanda parasitamol daidai nauyin yaro ke saukarwa. Amma a ƙasar da sauro ya yi yawa kada a ɗora wa allura alhakin kowane zazzaɓi: idan ya yi tsanani ko ya wuce kwana 2, a je a auna jini. Kada a ba yaro ko matashi asfirin na tsawon mako 6 bayan allurar, saboda an danganta haɗuwar asfirin da ƙwayar ƙarambau da wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kuma a tuna cewa wasu magungunan ciwon kai na gari, irin su Alabukun, asfirin ne a cikinsu. Maganin acyclovir, wanda likitoci ke ba wasu masu ƙarambau, yana kashe ƙwayar allurar, don haka a guje shi na mako 2 sai da umarnin likita.

Ƙasa da 5 cikin 100 za su fitar da 'yan ƙuraje kaɗan cikin wata guda, ko a kusa da wurin allurar ko a warwatse. Sukan warke da kansu. Da wuya ƙwarai su harbi wani, amma idan sun fito a rufe su da tufa, a kuma nisanta yaron da mai ciki da jinjiri da mai raunin garkuwa har su bushe. Alamomin da ke buƙatar komawa asibiti nan take su ne kumburin fuska ko leɓe, wahalar numfashi, jijjiga, sanƙarewar wuya, tangaɗi wajen tafiya, ko barcin da aka kasa tayar da yaro daga gare shi.

Idan cutar ta riga ta shigo gida

Ba a makara ba tukuna. Wanda bai taɓa yi ba kuma ya zauna da mai ƙarambau, idan aka yi masa allurar cikin kwana 3, ko a ƙurewa kwana 5, tana iya hana cutar fitowa ko ta sassauta ta. Mai ciki da jinjiri da mai raunin garkuwa, waɗanda allurar ba tasu ba ce, su ga likita a ranar da aka gane, ba sai ƙuraje sun fito musu ba, domin akwai wata allurar garkuwa ta daban da kuma maganin acyclovir da likita zai iya bayarwa, kuma dukansu da wuri suke aiki. Baligin da ƙurajen suka riga suka fito masa shi ma ya je cikin awa 24 na farko, lokacin da acyclovir ya fi tasiri.

Yaron da aka yi wa allura yana iya kamuwa wata rana, musamman idan ɗaya kawai aka yi masa, kuma wannan ba ya nufin an sayar wa iyayensa jabu. Yawanci ƙurajensa ba sa kai 50, a maimakon 250 zuwa 500 da ake gani a jikin wanda ba a yi wa ba, zazzaɓin kaɗan ne ko babu, kuma ya fi saurin miƙewa. Duk da haka yana iya harbin wasu, saboda haka zai zauna a gida har ƙurajen su bushe, a yanke masa farce, a riƙa yi masa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa masa kalamin, wato ruwan maganin ƙaiƙayi, a ba shi parasitamol idan jiki ya yi zafi, ban da asfirin, ban da ibuprofen. Idan allura ɗaya aka yi masa kafin ya kamu, kuma ma'aikacin lafiya ya tabbatar ƙarambau ce, a rubuta ranar a katinsa, domin ba ya buƙatar ta biyun kuma.